Kada Ka Sayar da Fili Don Digirin Digirgir

Ƙannena maza da mata da kuka gama digiri na biyu a tarihi, ko Hausa, ko Larabci, ko shari'a, ko zanen gine-gine, kuma zuciya ta fara raya muku digirin digirgir, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninku da nake so mu fara kawar da ita. Wai tallafin karatu na 'yan kimiyya ne da injiniyoyi da likitoci, mai nazarin waƙa ko hukuncin gado kuwa sai dai ya sayar da fili ko ya haƙura. Rabin maganar gaskiya ne. Kuɗin da duniya ke zubawa a binciken magunguna da makamashi ya ninka namu nesa ba kusa ba, kuma hukuma irin PTDF, da aka kafa don harkar man fetur, ba ruwanta da mai son karanta rubutun ajami. Ɗaya rabin kuwa ƙarya ne, kuma ƙaryar nan ta sa wasu sun ci bashin da bai kamace su ba, wasu kuma sun naɗe hannu a gida alhali ana neman irinsu.

Matsayina a fili yake. Kada ka fita waje neman wannan digiri a fannoninmu da kuɗin aljihunka, ko na mahaifinka, ko na gonar gado. Lissafin ba ya fita. A Ingila karatun shekara uku ne zuwa huɗu, kuma a jami'o'i da yawa kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo yakan kai fam 20,000 a shekara, ba a zo maganar haya da abinci ba. Waɗanda suka tafi da nairarsu kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, sun wayi gari a farkon 2024 tana sama da 1,500. Wasu sun dawo ba takarda, wasu sun koma aikin dare suna gyangyaɗi a laburare da rana. Ko da an gama lafiya ma, abin da ke jiran dakta a tarihi shi ne albashin malamin jami'a, kuma kowa ya san wannan albashi ba ya biyan bashin fam. Sannan akwai dalili na biyu da ya fi na kuɗin nauyi a wurina. Jami'ar da ta karɓe ka don za ka biya ba ta gaya maka komai a kan ingancin aikinka ba, ciniki ta yi. Wadda ta ce ka zo ita za ta ciyar da kai shekara huɗu, to ita ce ta zauna ta karanta abin da ka rubuta.

Me suke karantawa? Ba takardar shaidarka ba. Ita sharaɗi ce kawai, kowa a layin yana da irinta. Abin da kwamitin ke nema shi ne tambaya: wane abu ne ba a sani ba tukuna, me ya sa saninsa ke da amfani, a ina amsar take, kuma me ya sa kai ne za ka iya kaiwa gare ta. A wannan tambaya ta ƙarshe ɗan Hausa yake da rinjayen da bai cika sanin yana da shi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dubi magabatanmu a wannan hanya. M.K.M. Galadanci ya gama nasa a SOAS ta Landan a 1969 a kan nahawun Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya je Jami'ar Indiana a Amurka, kundinsa na 1975 a kan Mamman Shata ne. Ɗalhatu Muhammad ya rubuta nasa a SOAS a 1977 a kan fasahar Aƙilu Aliyu. Babu ɗayansu da ya tafi hannu rabbana yana neman a ba shi abin da zai yi. Kayan aikin daga gida suka tafi da su, abin da suka je nema can shi ne laburare, da malami, da lokacin zama a yi tunani ba tare da fargabar cefane ba.

Baƙi ma sun gane haka tun da daɗewa. Murray Last ya zo Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu yana karanta wasiƙu da littattafan Larabci na gidan waziri, ya sami digirinsa a Jami'ar Ibadan a 1964, littafinsa a kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967 kuma har yau ana karanta shi. Brian Larkin ya zo Kano ya nazarci gidajen silima da kasuwar kaset, abin da mu muke wucewa ta gabansa kullum ba mu ɗauke shi ilimi ba. Ba na jin haushinsu, aiki suka yi, sun koyi harshe, sun sha rana. Amma harshen da suka share shekaru suna koyo kai da shi ka buɗe baki. Kada kuma a ɗauka sai an ƙetare teku aiki ke kyau: Yusufu Bala Usman a Zariya ya yi nasa, a 1974, a kan sauye-sauyen Katsina daga wajen 1796 zuwa 1903, kuma babu wanda ya isa ya raina wannan kundi a ko'ina.

Ga mai tarihi da mai harshe, taskar ba ta ƙare ba, ko kusa. A Kaduna akwai Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa cike da fayilolin lardi da na En'e. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH yana riƙe da dubban takardu. Waɗannan su ne waɗanda aka tattara. Abin da ke cikin gafakoki da adakoki a gidajen malamai, daga Katsina zuwa Damagaram zuwa Agadas, gara na ci, ruwan sama na jiƙawa, shi ya fi yawa. Kuma Hausa ba ta tsaya a nan ba. Akwai zangon Kumasi da Salaga, da waƙoƙi da rubuce-rubucen Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi ta Gana a 1934. Akwai garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, na jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaron da ya tashi a waɗannan wurare, yana jin Hausa da Larabcin Sudan ko Hausa da Tuwi, yana riƙe da abin da farfesan Jamus zai so ya samu. A Hambug akwai cibiya sukutum ta nazarin rubutun hannu, kuma ajamin Afirka ta Yamma na cikin abin da suke aiki a kai. A Jami'ar Boston ma an daɗe ana tattara ajami ana ɗaukar hotonsa.

Mai shari'a kuwa, matsalarsa daban ce. Yawancin daftarorin da matasan lauyoyinmu ke rubutawa sun yi faɗi har ba su kama komai: haƙƙin ɗan'adam a Afirka, cin hanci da mulki nagari, ta'addanci da dokar ƙasa da ƙasa. An rubuta irinsu ɗaruruwa, kuma ɗan Landan da ke da laburare a ƙofar gida zai fi ka rubuta su. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zauna wata shida a kotun shari'a a Gusau ko Dutse yana sauraren yadda alƙali ke yanke hul'i, nawa ake mayarwa, wace hujja ake karɓa daga mace, wane littafi alƙalin ke buɗewa, Risala ko Muhtasar ko Tuhfa, da inda aikin yau da gobe ya rabu da abin da ke rubuce. Tun da Zamfara ta buɗe hanya a 1999, jihohi goma sha biyu suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. An yi rubutu mai yawa a kan hayaniyar siyasar, an yi kaɗan a kan ƙaramar ƙarar da ke cika kotu kowace safiya: gado, bashi, iyakar gona, riƙon 'ya'ya. Allan Christelow ya nuna abin da ake iya fitarwa daga irin waɗannan takardu da ya fassara hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas ya wallafa a 1994.

Bari in ba ka misali guda da nake ganin zai tsayar da kowane kwamiti. Katsina da Maraɗi jini ɗaya ne, harshe ɗaya, mazhabar Malikiyya ɗaya. Amma ɗaya ta gaji tsarin Ingilishi, ɗaya ta gaji na Faransa. A wannan gefe akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta danƙa filaye a hannun gwamna. A wancan gefe akwai dokar karkara ta 1993 da kwamitocinta na filaye, masu shata burtali da makiyaya. Idan manomi da makiyayi suka yi rigima a kan burtali a Jibiya, wani rikicin irinsa ya tashi a Ɗan Isa, wa ake kai wa ƙara, me ake yankewa, wane hukunci ne ya fi daɗewa bai warware ba? Wannan tambaya ce ta lauya, ta masanin tarihi, kuma ta duk mai son a zauna lafiya. Cibiyar Van Vollenhoven da ke Jami'ar Leiden a Holan irin wannan aiki take yi, na duba doka kamar yadda take gudana a cikin jama'a. Cibiyar Max Planck ta Hambug ta daɗe tana nazarin dokar iyali da gado a ƙasashen Musulmi. A Afirka ta Kudu akwai cibiyar haƙƙin ɗan'adam ta Jami'ar Pretoria. Abu ɗaya dai ka sani game da Amurka: digirin digirgir na shari'a a can ba a shigarsa kai tsaye, sai ka yi digiri na biyu na shari'a tukuna, kuma manyan makarantu irin Harvard kusan kullum daga cikin ɗalibansu suke zaɓa. Hanyar tana biyuwa, Farfesa Auwalu Yadudu ya bi ta, amma doguwa ce.

Ku masu zanen gini, ku ne kuka fi ba ni tausayi, domin horonku bai shirya ku ga wannan ba. Kun share shekaru a situdiyo kuna zane, digirinku na biyu na shiga sana'a ne, kuna da kundin zane mai kyau, amma ba a cika tilasta muku rubuta shafi talatin na hujja ba. To digirin digirgir ba gasar zane ba ce, rubutu ne da awo da bincike. Wanda ya gane haka, filin a buɗe yake. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizonsa da ɗaurin gugansa, ya isa ya nuna cewa maginanmu injiniyoyi ne ko da ba su riƙe biro ba. Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa a Jami'ar Michigan a 1981 a kan ginin Hausa da yadda magina ke auna kyau. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci laburare, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, aka gama a 2018, kuma daga baya ita Mariam ta zama farfesa a ETH ta Zurik.

Duniya yanzu tana neman gini mai sanyi da ba ya cin siminti da lantarki, mu kuma muna rushe irinsa muna sa kwano. Nawa ne bambancin zafi tsakanin soron azara da ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu a Sakkwato, a awo ba a labari ba? Me ke cikin makuba da katsi da ke hana ruwa cin bango, kuma nawa ne kuɗin yaɓe a shekara goma idan aka kwatanta da fenti? Me zaure yake yi wa zaman iyali wanda falon zamani ya kasa? Ina ragowar badalar Kano take, wa ke cinye ta, da izinin wa? Magina tsofaffi suna mutuwa da saninsu, kuma ba za su buɗe wa baƙo ciki kamar yadda za su buɗe wa ɗan unguwa da ya durƙusa ya gaishe su ba. Shirin Aga Khan na nazarin gine-ginen Musulunci a Harvard da MIT, wanda aka kafa a 1979, yana tallafa wa masu irin wannan bincike. A Gironobul ta Faransa akwai cibiyar CRAterre da ba ta da aiki sai ginin ƙasa.

Yanzu ƙofofin. Kowace ƙasa da tsarinta, kuma rashin sanin wannan shi ke kayar da mutane tun kafin a karanta su. A Amurka ba ka neman tallafi daban. Sashen kake nema, idan babbar jami'a ta ɗauke ka a tarihi ko adabi, yawanci takan yafe kuɗin makaranta ta ba ka alawus na kimanin shekara biyar, kai kuma ka taya koyarwa. Shekara biyun farko darussa ne da jarrabawa, shi ya sa karatun kan kai shekara shida ko bakwai. Sai dai tun 2025 maganar biza ta ƙuntata ga ƙasashenmu da dama, Chadi da Sudan suna cikin waɗanda aka fara rufe wa ƙofa a watan Yuni na shekarar, don haka ka duba halin da ƙasarka ke ciki kafin ka kashe kuɗin nema.

A Birtaniya kuwa da daftarin bincikenka ake shiga, kuma sai wani malami ya yarda zai duba aikin. Gates Cambridge, da aka kafa a 2000 da kyautar dala miliyan 210, yana ɗaukar mutum kimanin tamanin a shekara daga kowane fanni. Asusun Clarendon na Oxford ba ya buƙatar takarda daban, duk wanda ya nemi gurbi kafin ranar rufewa ta Disamba ko Janairu an sa shi a lissafi. Tallafin Commonwealth, wanda ya faro tun 1959, a Nijeriya ta hannun hukumar tallafin karatu ta tarayya ake bi, kuma ya fi son binciken da ke da alaƙa da ci gaban ƙasa, abin da ya sa ya fi yi wa lauya da mai gini sauƙi a kan mai nazarin waƙa. Tun 2021 kuma majalisun bincike na gwamnatin Birtaniya, har da ta fannin fasaha da tarihi, suka buɗe wa baƙi ƙofa, da sharaɗin kada su wuce kashi 30 cikin ɗari. Alawus ɗinsu na shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne. Amma a nan akwai rami. Majalisar kuɗin makaranta na ɗan ƙasa take biya, na baƙo kuwa ya ninka wannan. Wasu jami'o'in sukan yafe ragowar, wasu ba sa yafewa. Ka tambaya a rubuce, a ba ka amsa a rubuce. Haka kuɗin biza da na asibiti, wanda ya kai fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi, kuma gaba ɗaya ake biyansa tun kafin ka hau jirgi.

Jamus ita ce nake ganin 'yan'uwanmu sun fi sakaci da ita. Jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga mai digirin digirgir, sai ɗan abin da ake biya kowane zango. Hukumar DAAD, mai shekara ɗari a 2025, tana ba da alawus na wata da inshorar lafiya da kuɗin jirgi, har da watannin koyon Jamusanci, amma a ƙa'idarta kada digirinka na ƙarshe ya wuce shekara shida. Jami'ar Bayreuth tana da makarantar masu digirin digirgir ta nazarin Afirka tun 2007. An daɗe ana koyar da Hausa a Hambug da Kolon da Laifzig. Gidauniyar Gerda Henkel, wadda tarihi ne abin da ta sa gaba, ta ɗauki nauyin ɗaliban Afirka su yi karatunsu a Makerere ta Yuganda da Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. A Holan da Suwidin da Nowe abin ma ya sha bamban: gurbin digirin aiki ne, ana tallata shi kamar kowane aiki, ana biyan albashi. Haka guraben shirin Marie Curie na Tarayyar Turai, da kowane ɗan ƙasa zai iya nema. Aibinsu ɗaya, sau da yawa an riga an yanke abin da za a bincika, kai za ka shiga cikin aikin wani ne.

Ta gabas, tallafin gwamnatin Turkiyya ana nemansa daga Janairu zuwa Fabrairu, kada ka kai shekara 35, kuma za ka fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura sanannu ne ga masu Larabci da fiƙihu. Malaman shari'a da yawa a jami'o'in Arewa a Maleshiya suka yi nasu. Tarayyar Afirka ma tana da cibiyarta ta mulki da nazarin al'umma a Yawunde, da tallafinta.

A gida, babbar ƙofa TETFund ce, amma ta malaman manyan makarantun gwamnati ce kaɗai, ta hannun makarantarka ake bi, kuma za ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi aiki. Daga Janairun 2025 hukumar ta dakatar da tura mutane waje, saboda tsadar canji da kuma yawan waɗanda suka tafi ba su dawo ba. A nan zan ɗan tsaya. Wanda ya ci kuɗin jama'a ya sa hannu ya gudu, ba hukuma ya cuta ba, ƙaninsa da ke bayansa a layi ya cuta, ga shi kuwa an gani. Idan ka san zuciyarka tana can, nemi kuɗin da ba shi da igiya. Idan ka karɓi mai igiya, alkawari ne.

Hanyar da na fi so ga mafi yawanku ba a cika maganarta ba, wato ka yi rajista a gida, ka fita na ɗan lokaci. Commonwealth tana da tsarin da mai karatu a jami'ar ƙasarsa zai je Birtaniya wata goma sha biyu ƙarƙashin malami na biyu. Fulbright ta saba kai masu digirin digirgir na jami'o'in Nijeriya Amurka su yi shekarar karatu guda suna bincike, tana kuma da shirin da matasan malamai ke zuwa koyar da Hausa, sai dai ka fara duba halin da maganar biza ke ciki. DAAD na da irin wannan na raba karatu gida biyu. CODESRIA da ke Dakar ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi. Dalilina shi ne, kotun da takardun da ginin da kake nazari suna nan gida. Abin da ka rasa littattafai ne da mujallu da mai karanta maka aiki da idon basira, kuma shekara guda ta isa ka kwaso wannan in ka tafi da shiri. Ƙanwata mai aure da 'ya'ya, wannan ya fi shafarki. Shekara guda ana iya shawo kan maigida da iyaye a kanta, biyar kuwa sai an sha fama. In kuma cikakken karatun kike so, ki sani tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali amma ta bar wa masu digirin bincike wannan dama, sai dai alawus ɗin na mutum ɗaya ne, kuma kuɗin renon yara a can yana iya cinye rabinsa. A yi wannan lissafi a zaune da maigida da takarda da biro, ba a filin jirgi ba.

Saura yadda ake ƙwanƙwasawa. Wasiƙarka ta farko ga malamin da kake so ya duba aikinka kada ta wuce rabin shafi. Mu mutanen gaisuwa ne, kuma abin alfahari ne, amma Baturen da ke da wasiƙa ɗari a akwatinsa layi uku zai karanta. Kada ka fara da talauci, ko maraici, ko roƙo don Allah. Faɗi ko kai waye, faɗi tambayarka a jimla biyu, faɗi abin da ke hannunka: na iya karanta ajami, na san gidaje kaza da suka yarda in ga takardunsu, na yi aikin lauya a kotunan shari'a, na auna soraye a Birnin Zazzau. Sannan ka nuna ka karanta wani abu da shi ya rubuta, ka kuma faɗi inda aikinka ya haɗu da nasa ko ya saɓa masa. Saɓani cikin ladabi ya fi yabo jan hankalin malami. Wasiƙa ɗaya da aka aika wa mutum hamsin ana gane ta daga layin farko. Daftarin da na'ura ta rubuta maka ma haka, yana da santsi amma ba kowa a ciki, kuma ranar ganawa tambaya biyu za ta tona shi.

Wasiƙar shaida daga malamin da ya karanta kundinka ya yi maka jan biro ta fi ta shugaban jami'a da bai taɓa ganinka ba. Ka ba shi daftarinka da isasshen lokaci, ka tuna masa cikin girmamawa, domin da yawa sun faɗi ba don komai ba sai don wasiƙa ɗaya ba ta iso ba. Ɗan Nijeriya ya koyi Faransanci ko da na karatu ne, domin takardun mulkin mallaka na Nijar suna Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. Ɗan Nijar ya dage da Ingilishi, ya zauna jarrabawar IELTS ko TOEFL da wuri, yana sane cewa sakamakonta shekara biyu yake aiki. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a WhatsApp zai samo maka gurbi, ɓarawo ne. Kuɗin cike takardar nema da jami'o'in Amurka ke karɓa na gaske ne, amma da yawansu sukan yafe wa wanda ya roƙa tun da wuri.

Za a ƙi ka, wataƙila fiye da sau ɗaya, kuma wasiƙar ƙin ba za ta faɗi dalili ba. Rubuta wa malamin da ya nuna sha'awa ka tambaye shi inda daftarin ya yi rauni. Wasu za su amsa, kuma amsarsu ita ce gyaran baɗi. Idan kana son fara karatu a Satumba ko Oktoba, yawancin ƙofofin suna rufewa tsakanin Oktoba da Janairu na shekarar da ta gabata. Ke nan daftari ya kamata ya tsaya da ƙafarsa tun cikin damina, wasiƙun malamai su tafi kafin kaka. Takardar sakamakon jarrabawarka kuwa, wadda a jami'o'inmu da yawa fitar da ita kan ci watanni, ita za ka fara nema tun kafin ka rubuta kalma ɗaya, kuma ka nemi kofi fiye da guda.